Goggo, Mai Gyara Wa Mata Goyo

Goggo ta rasu wata Laraba da safe, damina tana tsakiya, kuma tun kafin a sa ta a makara tsakar gidan Baba da ke unguwar Barade ya cika da mata. Yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A gidansa take zaune tun kafin a haife ni, a hannunta kuma na tashi, don haka ni aka zaunar a bakin ƙofar ɗakinta ina karɓar gaisuwa.

Kowa ya zo da Goggon da ya sani. Wata ta ce Goggo ce ta yi mata wankan jego lokacin da ba ta da kowa a garin nan. Wata ta ce ta taɓa zaginta tas a kan ta bar yaro yana wasa a bakin kwalbati, kuma har yau tana gode mata. 'Yan kasuwa suka shigo a jere, a cikinsu har da tsohuwar ƙawarta, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Mumuye, Kirista, wadda rumfarta ta doya ke jingine da rumfar Goggo a Kasuwar Jalingo. Maman Doya muke kiranta tun muna yara. Ba ta tsaya gaisa da kowa ba. Ta wuce cikin ɗakin, ta zauna a ƙasa, ta dafa tabarmar da Goggo ke kwana a kai.

"Goggonki ya tafi ya bar ni," ta ce mini da irin Hausarta. "Wa zai yi mini faɗa yanzu?"

Bayan la'asar sai ga wata mata da babu wanda ya santa. Ta ce daga Mutum Biyu take, motar safe ta biyo. Ta durƙusa a gabana, ta yi gaisuwa, sannan ta ɗan rage murya.

"Nan ne gidan matar da ke cikin littafi?"

Matan da ke kusa suka juyo suna kallona. Ni kuwa zaure na kalla, inda Baba ke zaune da maza, ina tsoron kada maganar ta kai kunnensa. Na gyaɗa mata kai.

"Ban taɓa ganinta ba," in ji matar. "Amma na yi kuka saboda ita ba sau ɗaya ba. Na ga bai dace in ji rasuwarta in zauna a gida ba."

Ta yi addu'a mai tsawo, ta ƙi cin abinci, ta tafi.

Tambayar matar nan ce ta sa na zauna yin wannan rubutu. Na rubuta littafin labari guda ɗaya a rayuwata, kuma a cikinsa akwai shafi biyu da suka fito daga bakin Goggo. Mutane da yawa shafi biyun nan kaɗai suka sani game da ita. Ina tsoron a wayi gari su ne kawai suka rage.

Ƙanƙanuwar mace ce, baƙa, mai saurin tafiya da kaifin baki. Daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa take sayarwa, kuma warin daddawa ya kama zannuwanta har sabulu ya haƙura. In ta yi fushi Hausa ba ta isarta, sai ta koma Fulfulde, ta gama, ta dawo ta fassara maka zagin don kada ka yi asara. In ta ajiye abinci aka tsaya surutu takan ce, "Ku ci, ban dafa don kallo ba." Akwai wata mai taɓin hankali da ke yawo a kasuwa, tana jifan duk wanda ya matso ta. Goggo kaɗai ke iya zaunar da ita. Duk Juma'a, in kasuwa ta lafa, za ta kira ta bayan rumfa, ta wanke mata kai, ta yi mata kitso, tana yi mata faɗa kamar 'yarta. Na taɓa tambayarta ko ba ta jin tsoro. Ta ce, "Ina ji mana. Sai a bar ta da ƙwarƙwata don ina jin tsoro?"

Abubuwa biyu ne a halinta muke yi wa dariya muna yara. Na farko, ba ta iya ganin mace da goyo ta wuce. Ko ba ta santa ba, ko a tsakiyar ciniki take, za ta taso ta sa yatsa a ƙullin majanyi, wato ɗan ƙyallen da ake ɗaure goyo da shi a kan zane. In ta ji ya yi sako-sako sai ta kwance, ta sake ɗaurewa da ƙarfi, ta koma rumfarta ba tare da ta ce komai ba. Amma ita kanta ba ta taɓa goya ɗayanmu ba. A kafaɗa take saɓa mu, ko ta rungume. Mun ɗauka ciwon baya ne.

Na biyu, hadari. Da zarar ya haɗo ta wajen duwatsu, za ta rufe kayanta ta bar wa Maman Doya, ta taho gida da sauri. Ta tsaya a tsakar gida tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, sai kowa ya amsa. Daga ƙarshe ta ce, "Ina Auta?" Baba take nufi. Ya yi furfura, yana da jikoki, amma in hadari ya taso sai an nemo mata shi daga majalisa ta gan shi da idonta.

Ban san dalili ba sai da na haifi 'yata ta fari. Goggo ta biyo ni gidan mijina a unguwar Turaki ta yi mini wankan jego. Ranar da na fara goya yarinyar, da hantsi, ta zo ta kwance abin da na ɗaura, ta ja majanyin har numfashina ya ɗauke. Na ce, "Haba Goggo, za ki karya mini haƙarƙari." Ta dube ni na ɗan lokaci, ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna, ta ce in zauna ni ma.

Ta ce tana da ƙuruciya ta yi aure a wani ƙauye bayan duwatsu, ta haifi 'ya mace. Mahaifiyarsu ta kwanta rashin lafiya a Jalingo, aka kai mata Auta ta riƙe, lokacin bai wuce a ja shi da hannu ba. Da uwar ta samu sauƙi sai ta aika a dawo mata da shi. Goggo ta goya jaririyarta, ta kama hannun ƙanenta, suka kamo hanya a ƙasa. A hanya akwai wani mayo, rafi ke nan a bakinmu, wanda ruwansa bai kai gwiwa ba. Sama fes take a inda suke. Ba ta san an sheƙa ruwa a kan duwatsu ba.

Suna tsakiyar rafin ta ji ƙara kamar ta babbar mota. Kafin ta juya ruwan ya iso, ja, da itatuwa a ciki. Ya ɗauke ƙafafun Auta. Ta cafke wuyan hannunsa da hannu ɗaya, ruwa ya fizga, ta ƙara ɗayan. A nan ta ji ƙullin majanyi yana zamewa a ƙirjinta.

"Hannu ɗaya yake so," ta ce. "Hannu ɗaya kawai in dafe shi. Ni kuma duka biyun suna jikin Auta."

Ta ja shi har gaɓa. Ba ta juya ta kalli ruwan ba, ba ta taɓa bayanta ba. Ta saɓa yaron a kafaɗa ta ci gaba da tafiya, tana jijjiga bayanta kamar yadda ake yi in goyo ya fara kuka. Haka ta shigo gari, haka ta shiga gida. Sai da uwarsu ta miƙo hannu za ta sauke jikarta, sannan aka ga babu kowa a bayanta.

Maza suka bi rafin kwana da kwanaki, ba a ga komai ba. Auren bai daɗe ba bayan haka, kuma ba ta sake haihuwa ba. Auta kuwa, da ya girma ya tambaya, aka ce masa zazzaɓi ne ya kashe 'yar yayarsa.

Yarinyata tana barci a bayana, ina jin ɗuminta, hannuna ya kai kan ƙullin ban sani ba. Na ce, "Goggo, me ya sa sai yau?"

"Don ki daina yi mini ƙorafi in na ɗaure miki," ta ce. Ta tashi ta je duba ruwan wanka.

Shekaru suka wuce kafin in fara littafin. Labarin wasu 'yan uwa biyu ne da ke rigima a kan gonar gado, da siyasar ƙaramar hukuma, da soyayya a gefe. Na sha wahala a kan babin da ake shari'a, na rubuta na yaga na sake, har na je na zauna a kotu don in ji yadda ake magana. A tsakiyar labarin akwai wata tsohuwa da ɗaya daga cikin 'yan uwan ke haɗuwa da ita a hanya, sai na ga babu abin da zan sa a bakinta da ya kai abin da Goggo ta gaya mini. Na je na nemi izininta.

"Wa zai karanta?" ta ce.

"Mutane, Goggo. Kano, Gombe, ko'ina."

"Auta fa?"

"Baba ba ya karanta irin waɗannan littattafan."

Ta murza daddawa a tafin hannunta. Ta ce, "Sa. Amma ki canza garin."

Na canza garin, na mai da ƙanen ya zama ɗan maƙwabta, na rubuta. Da na gama na kawo na karanta mata, don ba ta karatun boko. Tana saurare har na kai inda na ce majanyin ya kwance, matar ba ta sani ba sai da ta kai gaɓa.

"Tsaya. Wa ya ce miki ba ta sani ba?"

Na ce ai labari ne, dole a sassauta. In aka ce ta ji yana kwancewa ba ta dafe ba, masu karatu za su tsane ta.

"Su tsane ta," in ji Goggo. "Ni ma na daɗe ina yi. Kuma ɗan maƙwabta na me? Ƙanenta ne. Ko ki rubuta yadda aka yi, ko ki cire ni daga ciki."

Ban yarda nan take ba. Ina ganin ni ce na san rubutu. Wannan ita ce rigima mafi girma da muka taɓa yi. Ta daina amsa gaisuwata da baki, sai da kai. In na aiko mata da abinci daga Turaki, kwanon yakan dawo a rufe yadda ya tafi. Maman Doya ta tare ni a kasuwa ta ce, "Je ki gyara abin da kin ɓata. Goggonki ba ya cin abinci, ni yake ci da faɗa." Na koma na gyara. Na mai da yaron ƙanenta, na rubuta cewa ta ji ƙullin yana zamewa kuma ta san abin da ke faruwa. Na karanta mata. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Ta ce, "Me kika dafa yau?"

Da littafin ya fito na zauna jiran a yi mini maganar babin kotu. Har yau ban samu mutum ɗaya da ya ambace shi ba. Soyayyar ma, 'yan mata kaɗan ne suka ce ta yi daɗi, suka wuce. Saƙonnin da suka riƙa shigowa wayata kusan duk a kan tsohuwar nan suke. Wani direban babbar mota daga Gombe, wanda matarsa ta karanta masa, ya turo saƙon murya ya ce da aka zo wajen ƙullin nan sai da ya ce ta dakata, ya fita waje ya sha iska. Wata malamar asibiti daga Damagaram ta ce in da na rubuta cewa matar ba ta sani ba, da ta rufe littafin, don babu uwar da goyo zai zame mata ba ta ji ba.

Amma abin da ya fi kama mutane ba shi ne ruwan ba. Tafiyar nan ce zuwa gida, tana jijjiga bayan da babu kowa. Layi kaɗan ne, na rubuta su a zama ɗaya ban ko sake dubawa ba. Wata mata ta kira ni, muryarta a dashe, ta ce ɗanta ya rasu a asibiti, ta dawo gida ta dama masa kunu, ta zauna tana fifita shi har ya huce. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba don kada a ce ta zare. Wani dattijo ya ce shi inda tsohuwar ke cewa a nemo mata "yaron nan", alhali yaron ya yi furfura, nan ne ya karya masa zuciya, don haka uwarsa ke yi masa kuma yana jin haushi.

Da farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daga baya sai tsoro ya fara shigata. Duk wanda ya kira, wani abu ya rasa, kuma yana kawo mini shi kamar ina da inda zan ajiye. In waya ta yi ƙara da baƙuwar lamba sai in tsaya ina kallonta. Kuma na lura saƙonnin suna matsowa. Daga Kano suka dawo Gombe, daga Gombe Yola, sai ga na Zing, sai ga na cikin gari. Wata maƙwabciyarmu ta tsayar da ni a hanya ta ce, "Tsohuwar nan taki mai taɓa goyon mutane, kamar na santa." Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Sai wani gidan rediyo na garin nan ya fara karanta littafin da yamma, babi bayan babi. Maɗaba'ar da ta buga shi ce ta ba su, ni ma a rediyo na ji kamar kowa. Baba kuwa ba ya rabuwa da rediyonsa a majalisa bayan la'asar. Na san ranar da za a kai wurin. Na yi ta shawarar in je in gaya masa da bakina, Goggo ta hana. Ta ce ba maganata ba ce.

Ranar ina cikin kicin na ji mai karatun ya shiga babin. Na bar tukunya a wuta na tari keke zuwa Barade, ina addu'a Allah ya sa batirinsa ya mutu, ko wani ya ja shi da hira. Na same shi tsaye a tsakar gida, rediyon a hannunsa a kashe. Goggo tana zaune a kan tabarma tana tsintar wake.

"Adda," ya ce, haka yake kiranta, "zazzaɓi ne ya kashe 'yarki?"

Ba ta ɗago ba. "Haka aka gaya maka."

"Ina tuna ruwa," in ji Baba. "Ina tuna hannuna ya kumbura, Inna tana gasa mini. Na ɗauka faɗuwa na yi."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ina ganinta tana ɗaukar mai kyau tana jefarwa tare da tsakuwa.

"Je ka yi alwala, Auta. Magariba ta kusa."

Ya juyo ya gan ni a bakin ƙofa. Na sa ran zai yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Sai ya raɓa ni ya wuce. Daga ranar ya daina zama a majalisa in ana karatun. Yana amsa gaisuwata, yana tambayar yara, amma ba ya haɗa ido da ni. Sau da yawa nakan same shi zaune shi kaɗai yana murza wuyan hannunsa.

A shekarar da ta biyo baya Goggo ta fara rikicewa. Ta fara da manta inda ta ajiye abu, sai sunayen jikoki, sai ta daina zuwa kasuwa don ta ɓata a hanyar da ta bi duk rayuwarta. Likita ya ce tsufa ne. Na tambaye shi ko tuna wani tsohon abu zai iya jawo haka, ya ce a'a, amma ban samu natsuwa ba. Abin da ta binne shekara da shekaru, ga shi ana karanta shi a rediyo, yara suna maimaitawa a lungu. Da damina ta kama sai ta fara ɗaura majanyi a kan zanenta, bayanta babu komai. Takan tambayi duk wanda ya shigo, "Mayo ya sauka?" Muka riƙa sa ido a kan ƙofa. Ni ko a Turaki nake, in na ga hadari, sai in kira gida in ce a duba mini ita.

Wata ranar Asabar da azahar Baba ya kira ni. Bai yi sallama ba.

"Adda ba ta gida."

Hadari ya riga ya haɗo ta wajen duwatsu, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa rufin kwano. Muka bi maƙwabta, muka bi masallaci, babu wanda ya ganta. Muka nufi kasuwa ko ta tuna rumfarta. Maman Doya tana tattara kaya, da ta ga fuskokinmu sai ta saki doyar da ke hannunta.

"Ku je bakin ruwa," ta ce. "Jiya na je gaishe shi, ya tambaye ni hanyan mayo. Na ɗauka wasa ne."

Muka tari keke, ta shigo tare da mu. Muka kai bakin kogin Mayo Gwoi. Masu ɗiban yashi suna ta gudu da shebur, suna fitar da tifarsu daga cikin kogin, wani yana ɗaga mana hannu yana cewa mu koma, an yi ruwa a kan duwatsu, yanzu zai iso. Na tambaye shi ko ya ga wata tsohuwa. Ya nuna ƙasa da inda suke aiki.

Tana can tsaye a cikin ruwa, ya kai mata ƙauri. Ɗankwalinta ya faɗi. Ta ba mu baya, tana kallon inda ruwan ke gangarawa, tana jijjiga a hankali.

Muka tsaya a gaɓa. Ina jin wata ƙara can nesa, ban sani ba ko tsawa ce ko ruwan ne. Maman Doya ta riƙe hannuna tana kiran sunan Yesu a hankali.

Baba ne ya cire takalmansa. Mutum ne mai ciwon gwiwa, kuma a iya sanina bai sake sa ƙafa a kogi ba tun yana yaro. Ya tattare rigarsa ya shiga, yana tangaɗi a kan yashi, har ya isa gefenta. Iska ta kawo mana maganarsu.

Ta juyo ta dube shi, ranta a ɓace. "Wa ya ce ka shigo? Koma."

Na ɗauka zai kama ta ya ja. Da ya yi haka da ta turje, na san halinta. Sai ya miƙa mata hannu.

"Adda, ba zan iya fita ni kaɗai ba. Fitar da ni."

Ta kalli hannun, ta kalli ruwan da ke gangarawa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kama shi, ta juya, ta shiga gaba tana janye da shi, tana yi masa faɗa da Fulfulde a kan rashin jin magana. Haka ta kawo shi gaɓa. Ba mu gama hawa tudu ba ruwan ya iso. Ya zo da ƙara, ja, da rassan itace da ledoji, ya shafe inda suka tsaya kamar ba a taɓa tsayawa a wurin ba. Baba ya zauna a ƙasa. Goggo ta cire majanyin da ke ƙirjinta tana goge masa ƙafa da shi.

Ba ta sake fita ba bayan wannan. Ta ƙara shekara guda a duniya, yawanci a kwance. Baba ya mai da kujerarsa daga majalisa zuwa ƙofar ɗakinta, shi ke ba ta kunu da cokali. Wani lokaci ta gane shi, wani lokaci ta tambaye shi ko ya ga ƙanenta. Ranar da za ta rasu ta sha kununta, ta ce a buɗe taga, ta juya ta fuskanci bango. Da ya taɓa ta, ta riga ta tafi.

Bayan sadakar uku mutane suka ragu. Ina naɗe tabarmi Baba ya aiko a kira ni zaure. Na same shi shi kaɗai. Ya nuna mini wuri na zauna. Tun ranar rediyo bai taɓa ɗauko maganar littafin da ni ba. Ya yi gyaran murya.

"Da ta ba ki labarin," ya ce, "ta gaya miki sunan yarinyar?"

Na yi ta lalube a cikin kaina. Na tuna kujerar da ta zauna, na tuna ruwan wankan da ke wuta, na tuna kowace kalma. Babu suna.

"Ba ta faɗa ba, Baba."

"Ni ma ban sani ba," ya ce. "Na yi ta so in tambaye ta, sai in ga ba zan iya ba. Da na samu ƙarfin hali kuma, ta riga ta rikice."

Na ce bari in tambayi Maman Doya, tana cikin gida ba ta tafi ba. Ta zo ta tsaya a bakin zaure, ta ji tambayar, ta girgiza kai.

"Bai taɓa faɗa ba. Shekara nawa muna zama tare. In ya yi maganansa, 'tawa' kawai yake cewa."

Muka lissafa waɗanda za su iya sani. Iyayensu sun daɗe da rasuwa. Tsohon mijin ya rasu, danginsa sun watse, ƙauyen ma an ce mutanensa sun tashi. Mutane a garuruwan da ban taɓa zuwa ba sun yi wa yarinyar nan kuka, kuma babu mai rai ɗaya da ya rage da zai iya kiranta.

Baba ya ɗaga hannuwansa, ni ma na ɗaga. Maman Doya ta sunkuyar da kai a inda take tsaye.

"Allah ka jiƙan Adda," ya ce. "Ka yafe mata, ka sanyaya makwancinta, ka cire mata tsoro. Ka haɗa ta da 'yarta. Kai ka san sunanta."

Muka ce amin.